Youn Yuh-jung: Yadda neman abin ciyar da 'ya'ya ya kai wata bazawara ga Oscar

A daren 25 ga Afrilun 2021, a tashar jirgin ƙasa ta Union Station da ke Los Angeles, inda aka kai bikin Oscar na wannan shekarar saboda annobar korona, jarumin Amurka Brad Pitt ya kira sunan Youn Yuh-jung, 'yar wasan Koriya ta Kudu, a matsayin gwarzuwar mataimakiyar jaruma saboda wasanta a fim ɗin Minari. Shekarunta 73 a lokacin. Kafin ita babu wani ɗan Koriya, mace ko namiji, da ya taɓa ɗaukar Oscar a fannin wasa. A matan Asiya gaba ɗaya ita ce ta biyu, bayan Miyoshi Umeki 'yar asalin Japan da ta karɓi nata tun 1958. Cikin matan da suka yi takara da ita har da Glenn Close, sa'arta ta haihuwa, wadda aka saka sunanta a takarar Oscar sau 8 ba tare da ta taɓa ci ba.

Da ta hau dandamali, cikin waɗanda ta gode wa akwai 'ya'yanta maza biyu, ta ce su ne suka sa ta fita neman aiki. Sai kuma wani darakta mai suna Kim Ki-young, wanda ya rasu tun 1998, wanda mafi yawan mutanen da ke zaune a wurin ba su taɓa jin sunansa ba. Jama'a sun ɗauki maganar 'ya'yan a matsayin raha, suka yi dariya. Amma ba raha ba ce kaɗai. Tarihin aikinta ne ta dunƙule a jimla guda.

Bayanin da aka fi yi wa wannan nasara shi ne cewa lokacin Koriya ne ya zo. Shekara ɗaya kafin nan fim ɗin Parasite na Bong Joon-ho ya lashe kyautar fim mafi kyau, mawaƙan ƙasar sun cika duniya, fina-finansu masu dogon zango sun shiga wayoyin mutane har a nan wajenmu. Akwai gaskiya a wannan, ba na musu. Sai dai idan aka tsaya a nan, an mayar da matar kamar ganyen da ruwa ya ɗauko. A ganina abin da ya gina ta yana cikin shekarun da ba a cika ba da labarinsu ba, wato tsakanin mutuwar aurenta da shigarta shekara 60, lokacin da take karɓar duk aikin da aka miƙo mata, babba ko ƙarami, don kawai kada tukunya ta kwana a kife.

An haife ta ranar 19 ga Yunin 1947 a Kaesong. A wancan lokacin garin yana ɓangaren Kudu, amma da yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953 ya lafa aka sake jan iyaka, sai ya faɗa hannun Arewa, kuma yana can har yau. Iyalinta sun gudo kudu, ta tashi a Seoul. Mahaifinta ya rasu tana ƙarama, mahaifiyarta ta rungumi 'ya'ya mata uku ita kaɗai. Ta yi sakandaren 'yan mata ta Ewha, ta shiga Jami'ar Hanyang tana karanta harshe da adabin Koriya. Neman kuɗin makaranta ne ya kai ta aikin wucin gadi a gidan talabijin na TBC, daga nan aka ba ta shawarar ta gwada jarrabawar 'yan wasa. Ta ci a 1966, ta bar jami'ar.

Yana da kyau a fahimci yadda tsarin yake a lokacin, don ya sha bamban da na yau da kamfanoni ke rainon matasa shekara da shekaru kafin a fito da su. Gidajen talabijin ne da kansu ke ɗaukar 'yan wasa, rukuni-rukuni, kamar yadda ma'aikata ke ɗaukar ma'aikatanta. Wanda ya riga ka shiga shi ne na gaba da kai, ka fara da ƙaramar fitowa, ka riƙa hawa a hankali. Youn ba ta cikin irin kyawawan da ake ba wa rawar masoyiya mai hawaye. Siririya ce, mai kaifin ido, muryarta kuma a ɗan dushe take, ba irin siririyar muryar da ake so a bakin jaruma ba. Wannan muryar za ta jawo mata zagi daga baya, kuma ita ce yau ake gane ta da ita tun kafin a ga fuskarta.

A 1971, tana shekara 24, abubuwa biyu suka faɗo mata tare. Na farko, gidan talabijin na MBC ya ba ta rawar Jang Hui-bin, ƙwarƙwarar Sarki Sukjong na daular Joseon, wadda ta yi makircin da ya kai ta ga zama uwargidan fada kafin daga baya a yanke mata hukuncin shan guba a 1701. Babu ɗan Koriyar da bai san wannan mata ba, kuma duk bayan wasu shekaru sai an sake wasa labarinta. Youn ta yi ta da kyau har abin ya zame mata matsala. Ta ba da labari cewa mutane na zaginta a hanya, ana huda idanun hotonta a jikin allunan talla, har wani kamfanin lemon kwalba da take yi wa talla ya sallame ta. Talabijin sabon abu ne a gidajen mutane a lokacin, da yawa ba su raba mai wasa da wadda take kwaikwayo ba.

Na biyun shi ne fim ɗinta na farko, Hwanyeo, wanda a waje aka san shi da Woman of Fire. Kim Ki-young ne ya ba da umarni, kuma sake ɗaukar wani fim ɗinsa ne na 1960 mai suna The Housemaid. Youn ta fito a matsayin Myeong-ja, 'yar ƙauyen da ta zo Seoul aikatau a gidan wani mai tsara kiɗa, wanda matarsa ke riƙe da gidan da kuɗin gonar kaji. Maigidan ya yi mata ciki, uwargida ta sa aka zubar, daga nan yarinyar ta juye ta zama bala'in da ya cinye gidan, da gubar ɓera da komai. Wanda ya kalli fim ɗin a matsayin labarin muguwar 'yar aiki bai kalle shi ba. A shekarun nan Koriya ta Kudu na tsakiyar gudun masana'antu a ƙarƙashin mulkin Park Chung-hee, 'yan matan ƙauye na kwararowa birni, wasu su shiga masaƙa, wasu su shiga gidajen masu hali suna wanke-wanke a kan abinci da wurin kwana. Kim ya ɗauki tsoron da masu gidajen ke ji game da waɗannan yara, da zaluncin da suke yi musu, ya haɗa su a ɗaki ɗaya. Youn kuma ba ta yi wasan don a tausaya mata ba. Ta bar yarinyar da wautarta, da kwaɗayinta, da wata irin dariya mai tayar da tsigar jiki, har mai kallo ya rasa ko tausayinta zai ji ko tsoronta.

Wannan rawa ta kawo mata kyautar gwarzuwar jaruma a bikin Blue Dragon na gida, da kuma a bikin fina-finai na Sitges a Sifaniya. Ta sake aiki da Kim a 1972 a fim ɗin Chungnyeo. Ta sha faɗa cewa a lokacin ba ta san darajar mutumin ba, ganinsa take a matsayin baƙon mutum mai wahalar sha'ani, wanda yake sa ta zauna hira da shi kullum yana nazarin motsin fuskarta don ya yi amfani da shi a gaban kyamara. Sai bayan gobara ta yi ajalinsa shi da matarsa a gidansu a 1998, bayan ita ma ta yi aiki da daraktoci barkatai, ta gane irin malamin da ta samu tun farko.

Tana kan wannan ganiya ta ajiye komai. A 1974 ta auri Jo Young-nam, mawaƙin da shi ma tauraronsa ke haskawa, ta bi shi Amurka inda ya tafi karatun addinin Kirista. Sun zauna a jihar Florida kusan shekara 10, ta haifi 'ya'ya biyu, ta zama matar gida. Ba wani abin mamaki ba ne a Koriya ta wancan zamani, jaruma ta yi aure ta ɓace. Masana'antar fim ɗin ma a lokacin tana cikin halin ni-'yasu, gwamnati ta tsananta tace fina-finai bayan 1972, talabijin kuma ya janye mutane daga silima.

Ta koma gida a 1984, auren ya mutu a 1987. A nan nake so a tsaya a duba da kyau, domin rabuwar aure a Koriya ta Kudu ta wancan lokaci ba kamar yadda take a yau ba ce. Dokar iyali ta ginu ne a kan tsarin da ya ɗora namiji a matsayin shugaban gida a rajistar gwamnati, tsarin da sai a 2008 aka daina aiki da shi. 'Yancin mace na neman kasonta a dukiyar da aka tara a zaman aure, da daidaita ta da uba wajen iko a kan 'ya'ya bayan rabuwa, sai a gyaran dokar da ya fara aiki a 1991 suka samu. Nata auren ya mutu shekara 4 kafin nan. Ta tashi da yara biyu a hannu, tana shekara 40, a masana'antar da ta canza a bayanta. Gidan TBC da ya raine ta ma babu shi, gwamnatin soja ta Chun Doo-hwan ta haɗe shi da KBS tun 1980. An koma talabijin mai kala, sababbin fuskoki sun cika ko'ina.

Ta ce ta yi tunanin komawa Florida ta kama aikin karɓar kuɗi a wani babban kanti, ta yi lissafi a kan dala 2.75 a awa, ta ga ba zai riƙe su ba, ga shi Turancinta bai nuna ba. Sai ta tsaya. Masu kallo kuwa ba su yi mata maraba ba. Akwai masu buga waya gidan talabijin suna ƙorafi a kan muryarta, akwai masu cewa bai dace a riƙa nuna bazawara a allo ba. Mai karatu da ya san Kannywood ba sai an yi masa dogon bayani ba: jaruma ta yi aure ta bar fim, auren ya mutu ta dawo, sai a yi ta cewa dama ba zaman aure ta je yi ba, alhali ba wanda ya tambayi wa zai biya kuɗin makarantar yaran. Shi mijin kuwa sana'arsa ta ci gaba, a can ma haka aka yi.

Wadda ta riƙe hannunta a wannan lokaci ƙawarta ce, marubuciya Kim Soo-hyun. Masu bin fina-finan Koriya kada su haɗa ta da matashin jarumin nan mai irin sunanta, wannan dattijuwa ce da aka haifa a 1943. A talabijin ɗin Koriya marubuci yana da ƙarfin da ba shi da shi a wurare da yawa, sunansa ne ke sayar da shiri, kuma yakan sa baki a zaɓen 'yan wasa. Kim Soo-hyun na cikin mafi ƙarfinsu. Ita ta rubuta fim ɗin Emi na 1985 da Youn ta dawo da shi, ta kuma sa ta a shirin Love and Ambition na 1987. An san rubutunta da dogayen maganganu masu gudu, ba ta kuma yarda ɗan wasa ya canza mata kalma. Duk wanda zai yi aiki da ita sai ya yi hadda ta gaske. Youn ta shahara da wannan haddar, takan zauna da shafuka masu yawa ta maimaita har su zauna mata a baki yadda za ta iya faɗarsu tana ninke kaya ko tana yanka albasa ba tare da ta yi tuntuɓe ba. Sauƙin da ake gani a wasanta yau, kamar ba wasa take yi ba, daga nan ya samo asali.

Akwai maganar da ta sha maimaitawa a hirarraki, cewa ɗan wasa ya fi iya wasa lokacin da yake matse da buƙatar kuɗi. Tana kiran kanta 'yar wasan neman abinci, ba ta yarda a jingina mata wani kirari na fasaha. Wasu na jin maganar kamar ƙasƙantar da sana'a ce. Ni ban ji ta haka ba. Wanda yake ganin kansa tauraro yana zaɓen rawar da za ta ƙara masa kwarjini, yana gudun wadda za ta muzanta shi. Wadda kuwa kuɗin haya ke jiranta ba ta da wannan gatan, don haka ta yi inna mai tsegumi, ta yi suruka mai faɗa, ta yi maƙwabciya mai fitowa uku, kowacce kuma dole ta yi ta yadda za a sake kiranta gobe. Shekara 20 a haka makaranta ce da babu irinta.

Cikin shirye-shiryen wannan zango akwai wanda ya shiga tarihi. What Is Love, wanda MBC ta nuna daga 1991 zuwa 1992, labarin surukuta ne tsakanin gida mai riƙo da tsohuwar al'ada da gida mai sassauci, Youn ta fito a uwar amarya. Kusan kashi 60 cikin 100 na masu kallo ne ke bin sa a gida. A 1997 gidan talabijin na gwamnatin China, CCTV, ya nuna shi, ya karɓu ƙwarai, kuma masu tarihin al'adun Koriya na lissafa shi cikin abubuwan da suka buɗe wa shirye-shiryen ƙasar ƙofar waje. Ke nan guguwar da ake cewa ita ta ɗauko Youn zuwa Oscar, tana cikin waɗanda suka tayar da ita tun farko.

Tsarin talabijin ɗin yana da amfani da illa ga mace irinta. Shirye-shiryen ƙarshen mako da na kullum, masu fitowa 50 ko ma fiye da 100, labaran iyali ne, kowanne yana buƙatar uwa da kaka da suruka. Saboda haka tsofaffin 'yan wasa mata ba sa rasa aiki kamar yadda takwarorinsu ke rasawa a Hollywood. Illar ita ce rawar kusan guda ce, uwa mai haƙuri da sadaukarwa, wadda ba ta da wata buƙata tata ta kanta. Akwai manyan 'yan wasa da suka ƙare rayuwarsu a cikin wannan keji. Abin da ya fitar da Youn shi ne farfaɗowar silima. A 1996 kotun tsarin mulki ta haramta tace fim kafin fitarsa irin yadda ake yi a da, a shekarar aka fara bikin fina-finai na Busan, kuɗi suka shigo, wasu matasan daraktoci da suka taso suna girmama Kim Ki-young suka karɓi fage. Su ba uwa mai hawaye suke nema ba, kuma sun tuna wace ce ta yi Myeong-ja.

Im Sang-soo ne ya fara kiranta, a fim ɗin A Good Lawyer's Wife na 2003, inda ta fito a suruka mai shekara 60 da mijinta ke jinyar ajali ita kuma ta koma wa wani tsohon abokin karatunta. Rawa ce da wasu suka ƙi karɓa. Da aka tambaye ta dalilin da ya sa ta karɓa, sai ta ce gyaran gida take yi, kuɗi sun yanke mata. Fim ɗin ya je gasar Venice. A 2010 Im ya sake ɗaukar The Housemaid, wannan karon Jeon Do-yeon ce yarinyar, Youn kuma ta fito a tsohuwar 'yar aikin gidan, wadda ta shekara da shekaru tana durƙusa wa masu kuɗi tana tsine musu a zuci. Shekara 39 bayan ta yi yarinyar da aka zalunta, ta dawo cikin labarin a matsayin wadda ta ga zaluncin ta yi shiru don ɗanta ya samu ci gaba. Fim ɗin ya shiga gasar Cannes, ita kuma ta kwashe kyaututtukan mataimakiyar jaruma a gida. A tsakanin nan ta yi fina-finai da dama da Hong Sang-soo, mai ɗaukar ƙananan fina-finai da kuɗi kaɗan.

Aikin da nake ganin ya fi kowanne nauyi a rayuwarta ba shi ne ya kawo Oscar ba. The Bacchus Lady ne, na darakta E J-yong, 2016. Sunan ya fito daga wani abu da yake faruwa da gaske: tsofaffin mata a wasu lambunan shaƙatawa na tsakiyar Seoul da ke tallar wani abin sha mai suna Bacchus ga tsofaffin maza, tallar kuma hanya ce ta sayar da kansu. Abin da ya kai su nan talauci ne. Kusan 4 cikin kowane tsofaffi 10 a Koriya ta Kudu na rayuwa ƙasa da layin talauci, adadin da ya fi na kowace ƙasa a ƙungiyar ƙasashe masu arziki ta OECD. Tsarin fansho na ƙasa sai a 1988 aka fara shi, don haka mutanen da suka gina ƙasar bayan yaƙi da yawansu sun tsufa ba su da komai, al'adar 'ya'ya su riƙe iyaye kuma ta yi rauni. Youn ta fito a So-young, wadda a ƙuruciyarta ta zauna kusa da sansanin sojan Amurka, ta haifi ɗa ta bayar da shi riƙo, yanzu kuma tsofaffin abokan hulɗarta, waɗanda ciwo da kaɗaici suka gama da su, suna roƙonta ta taimaka musu su mutu. Fim ne mai ɗaci, akwai abubuwan da zuciya ba za ta karɓa ba a cikinsa, kuma ita kanta ta ce ɗaukarsa ya jefa ta cikin damuwa. Amma ya tilasta wa ƙasa mai alfahari da ci gabanta ta kalli kakanninta, kuma ba kowace mai shekara 69 da suna irin nata za ta yarda ta tsaya a wannan wuri ba.

A gefe guda matasan Koriya sun san ta ta wata ƙofa daban. Furodusa Na Young-seok ya sa ta a shirin tafiye-tafiye a 2013, sannan a 2017 ya buɗe mata shirin Youn's Kitchen, inda ita da wasu 'yan wasa suka riƙe ƙaramin gidan abinci a wani tsibiri na Indonesiya, zango na biyu kuma a Tenerife ta Sifaniya. Sun ga tsohuwa mai faɗin gaskiya ba kwana-kwana, ba ta yi wa yara wa'azi, tana cewa ita ma wannan ne karo na farko da ta kai waɗannan shekarun, ba ta san komai ba. Matar da aka taɓa buga waya ana cewa a cire ta daga allo ta zama abar koyi ga jikokin masu bugun.

Ta ce da ta cika 60, yara sun kama gabansu, sai ta yi wa kanta alkawarin za ta riƙa aiki ne da mutanen da take so, ko da kuɗi ko babu. Wannan alkawari ne ya kai ta Minari. Daraktan, Lee Isaac Chung, Ba'amurke ne ɗan asalin Koriya, ya rubuta labarin daga ƙuruciyarsa a karkarar Arkansas a shekarun 1980. Kasafin fim ɗin bai wuce kusan dala miliyan 2 ba, an ɗauke shi a 2019 a Oklahoma cikin tsananin zafi. Ta bayyana wani dalilin da ya sa ta tafi: a gida ta kai matsayin da babu daraktan da zai iya ce mata ta sake, kuma mutum idan ya zauna a irin wannan yanayi lalacewa yake yi. Gara ta je inda ba a san ta ba.

Soon-ja, kakar da ta fito a matsayinta, ta zo daga Koriya don ta riƙe jikoki yayin da 'yarta da surukinta, waɗanda Han Ye-ri da Steven Yeun suka yi, ke aikin tantance 'yan tsaki a kamfanin kaji suna kuma fafutukar kafa gona. Ta sauka da dakakken barkono da busassun ƙananan kifi a leda, 'yarta na buɗewa ta fashe da kuka. Ta zo da karta, tana koya wa yara tana ashar, ta zauna gaban talabijin tana kallon kokawa. Akwai inda ta ɓare wani ɗan itace da haƙoranta ta miƙa wa jikanta, yaron ya ja da baya don ƙyama. Youn ce ta kawo wannan, daga abin da ta taɓa gani a zamanta na Amurka. Ta tambayi darakta ko ta kwaikwayi kakarsa, ya ce a'a, ta yi tata. Yaron yana cewa ita ba kakar gaske ba ce tunda ba ta gasa biskit, kuma warin Koriya take yi. Rabin fim ɗin tana ba da dariya, sai shanyewar ɓarin jiki ta kama ta. Daga nan magana ta ƙare, sai ido da hannu ɗaya. Tana ƙoƙarin ƙona shara don ta nuna har yanzu tana da amfani, wutar ta kuɓuce mata ta cinye rumbun da amfanin gonar gidan ke ciki. Duk wannan ta yi shi ba tare da kukan neman tausayi ba. Ga kuma abin da ba a cika lura da shi ba: ita da kanta ta yi zaman baƙunta a kudancin Amurka a kusan waɗannan shekarun, da ƙananan yara da ƙarancin Turanci. Ta san gidan da ake ba da labarinsa daga ciki.

Ba zan ce cancanta kaɗai ce ta kawo kyautar ba, don Oscar ba ya tafiya haka. Fim ɗin ya ci manyan kyaututtuka biyu a bikin Sundance na 2020, kamfanin Plan B na Brad Pitt na cikin masu shirya shi, A24 da ta iya kamfe ta rarraba shi. Hukumar Oscar, bayan sukar da ta sha a 2015 da 2016 cewa farare ta fi fifitawa, ta shigo da mambobi masu yawa daga ƙasashen waje. Cece-kucen da aka yi lokacin da Golden Globe ta saka fim ɗin a rukunin harsunan waje, alhali a Amurka aka yi shi kuma labarin Amurka ne, ya ƙara jawo masa hankali. Ita ma ta taimaki kanta da bakinta: da ta ci BAFTA, kyautar fina-finai ta Birtaniya, a Afrilun 2021 ta gode wa Turawan Birtaniya tana tsokanarsu da cewa an san su da jin kai, maganar ta zagaye duniya. A wannan watan ta ci kyautar ƙungiyar 'yan wasan Amurka. Duk waɗannan sun buɗe ƙofa. Amma fim ɗin ya shiga takara a rukuni 6, ɗaya kawai ya ci, kuma nata ne.

Bayan nan gwamnatin Koriya ta Kudu ta ba ta lambar girmamawa mafi daraja a fannin al'adu a 2021. A 2022 ta fito a Pachinko na Apple TV+, a matsayin Sunja a tsufanta, labarin Koriyawan da suka koma Japan zamanin mulkin mallaka na 1910 zuwa 1945 da wariyar da zuriyarsu ta sha a can. Tayin manyan rawa ya yi ta zuwa daga mutanen da a da ba sa nemanta, ta kuma faɗa a fili cewa abin bai burge ta ba, tunda ita ɗin dai ita ce ta jiya. Fim ɗin Koriya da ta fito a cikinsa a 2024 shi ne Dog Days, na wani sabon darakta mai suna Kim Deok-min. Sun haɗu ne shekarun baya a wurin ɗaukar wani fim, lokacin yana mataimakin darakta, ta ce masa duk ranar da ya samu nasa fim ɗin za ta fito masa.